Ɗan Gaban Goshin Danbury

Ranka ya daɗe, labarin wani madubi ne na zo da shi. A Amurka abin ya faru, shekaru sama da 40 da suka shige, don haka ba wanda ya kamata ya tsargu a wannan zauren.

Tun a 1946 wani masanin taurari, Lyman Spitzer, ya ba da shawarar a ɗauki na'urar hangen nesa a kai ta can sama da iskar da ta lulluɓe duniya. Hujjarsa kowa yana ganinta da dare: ƙiftawar da taurari ke yi ba tasu ba ce, iskar da ke tsakaninmu da su ce take motsi tana kaɗa haskensu. Komai girman na'urar da ka girka a kan dutse, ta cikin wannan iskar za ta duba. Sai a 1977 Majalisar Dokokin Amurka ta yarda ta saki kuɗi. Aka raba aiki. Kamfanin Lockheed ya ɗauki gangar jiki, cibiyar Marshall ta hukumar NASA da ke jihar Alabama ta ɗauki sa ido, madubi kuwa aka damƙa shi ga kamfanin Perkin-Elmer, mai masana'antar gilasai a garin Danbury na jihar Connecticut. Na'urar ita ce aka raɗa wa suna Hubble daga baya. Ba don alfarma aka ba mutanen Danbury aikin ba. Gwanaye ne, kuma a wannan masana'antar suka ƙera wa gwamnatinsu kyamarorin taurarin ɗan adam na leƙen asiri. Sun saba aiki ƙofa a rufe.

Irin wannan na'ura, madubi shi ne idonta. Haske zai shigo ta baki ya faɗa kan babban madubi mai faɗin mita 2.4, mai ɗan zurfi a ciki. Shi kuma ya tura shi gaba zuwa wani ƙarami mai faɗin santimita 30 da ke fuskantarsa a tazarar kusan mita 5. Ƙaramin ya sake koro hasken baya ta wata kafa da ke tsakiyar babban, inda kyamarori suke jira. Sharaɗin guda ne: hasken da ya sauka a gefen madubi da wanda ya sauka kusa da tsakiya su haɗu a ɗigo ɗaya. Muddin suka saɓa, tauraro ya zama hazo.

Kamfanin Corning ne ya yi gilashin, irin wanda zafi ba ya miƙar da shi, sanyi ba ya takure shi. Faifai biyu ne, sama da ƙasa, da saƙar ramuka a tsakani don rage nauyi, duk da haka ya haura kilo 800. A 1979 aka fara wasa shi. Da yake a sama ba zai ji nauyin kansa ba, sai aka kwantar da shi a kan sanduna kimanin 130, kowace tana tokare shi da ƙarfin da aka lissafa mata, don ya zauna a ƙasa kamar yadda zai zauna a can. Ka ga mutanen da ba sa wasa da aiki.

To amma ta yaya mai gogewa zai san ya kai siffar da ake so? Ido ba ya ganin irin wannan bambancin, hannu ba ya jin sa. Ana harba hasken leza ne ta cikin wani ma'auni da aka ƙera domin wannan madubin kaɗai, hasken ya je ya dawo, ya zana layuka a kan hoto. Layuka miƙaƙƙu, madubi ya yi. Inda suka lanƙwasa, akwai tudu ko kwari, sai a mayar da shi kan inji a goge wurin, a sake dawowa awo. Haka ake yi wata da watanni. Wato mai gogewa ba madubin yake kallo ba, abin da ma'auni ya gaya masa yake bi. In ma'auni ya ce rage nan, ya rage.

Ma'aunai uku ne a gidan. Akwai na gargajiya mai ƙwayoyin gilashi irin na tabarau, wanda aka yi aikin farko da shi. Akwai wani ɗan ƙarami da aka ƙera ya kwaikwayi madubi marar aibi, aikinsa a riƙa duba lafiyar babban ma'auni da shi. Sai na ukun, sabon hannu, abin alfaharin kamfani: madubai biyu ƙanana da ƙwayar gilashi ɗaya. Dabarar da ke cikinsa mai kyau ce ƙwarai. Tun da madubai ne, ana iya auna kowannensu shi kaɗai, a auna tazarar da ke tsakaninsu, a san abin da zai faɗa tun kafin ya buɗe baki. An jarraba shi a kan wani madubin gwaji mai faɗin mita 1.5 ya fita kunya. Daga nan ya zama ɗan gaban goshi. Aka yanke cewa a zagayen ƙarshe maganarsa ce magana, ba a neman ta kowa.

Da za a koma kan babban madubi sai da aka sake masa zama, aka gyara tazarar da ke cikinsa. Da sandunan ƙarfe ake wannan awon, waɗanda aka san tsawonsu daidai wa daida. A haska leza a kan sanda, hasken ya dawo daga ƙarshenta, a san nan ne wurin da gilashi zai tsaya. Don hasken ya sauka a tsakiyar sandar, aka yi mata hula mai 'yar ƙaramar kafa a tsakiya, aka shafe hular da fentin da ba ya mayar da haske. Ashe fentin ya ɗan ɓantare a bakin kafar, ƙarfe ya bayyana yana ƙyalli. Haske ya zo, bai shiga kafa ba, ya bugi hula ya koma. Mai awo ya ga haske ya dawo, ya ɗauka daga kan sanda yake. Tsakanin hula da kan sanda milimita 1.3 ne.

Wannan tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Abin da ya biyo baya shi ne ba tsautsayi ba.

Da aka zo ɗaura ƙwayar gilashin a inda awo ya nuna, sai abu ya ƙi. Notin da aka tanada don matsar da ita aka murɗa shi har ƙarshen zarensa, bai kai ba. Ka tsaya nan kaɗan, ranka ya daɗe. Kaya ne da masana suka zana, suka lissafa kowane noti da tsawonsa. In noti ya ƙare bai kai ba, ruwa ba ya tsami banza: ko zanen ne da kuskure, ko awon. Ƙarfen da kansa yana cewa a'a. Amma aiki ya riga ya yi latti, kuɗi sun zarce kasafi, na sama suna matsa lamba. Sai aka ɗauko washa, irin wadda kowane bakanike yake da ita a gwangwani, aka cusa har gilashin ya zauna inda awon ƙarya ya ce. Aka ɗaure. Daga ranar har aka gama aikin ba a sake buɗe cikin wannan ma'aunin an auna shi ba.

Ni ban cika ganin laifin mai cusa washa ba. An ce masa ga inda gilashi zai zauna, ya zaunar da shi. A gidan da tambaya take jawo harara, kowa da washarsa yake yawo a aljihu.

Aka ci gaba da gogewa, ɗan gaban goshi yana nuni, inji yana bi. A 1981 aka gama. Layuka sun miƙe sambal. Aka wanke madubin da ruwan zafi tatacce, aka shafa masa alminiyom ɗan siriri da wani rufi a kai don kariya. A santsi, da wuya a ce an taɓa goge madubi mai girmansa kamar shi. Sai dai gefensa ya baje fiye da ƙima da maikuron 2.2, wato kusan kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashin kai. A kunne ba komai ba ne. A wannan aikin kuwa ya ninka abin da aka yarda a ƙyale kusan sau 10, har hasken gefe da na tsakiya suna saɓa wa juna wurin haɗuwa da kusan santimita 4. An yi aiki mai kyau matuƙa, a kan umarnin da ba daidai ba.

Kada a ce ba wanda ya yi magana. Wannan ɗan ƙaramin mai kwaikwayon madubi marar aibi, da aka sa shi a ƙarƙashin ɗan gaban goshi, layukan da suka fito a lanƙwashe suke. Ma'anar haka a fili take: in ka nuna wa ma'auni abu mai lafiya ya ce maka marar lafiya ne, to ma'aunin ne ba lafiya. Aka ce ai shi ɗan ƙaramin ne da aibi a jikinsa, ba a yi shi da ingancin da zai tuhumi babba ba. Can kuma a ƙarshen aiki aka ɗauko tsohon ma'auni mai gilasai don a auna wani abu daban, zurfin madubin. Ba a tambaye shi siffa ba, amma hoton da ya bayar ya nuna lanƙwasar nan ƙarara. Aka ce wannan tsoho ne, awonsa na ƙiyasi ne, bai kai sabo kaifi ba.

Kuma gaskiya ne bai kai ba. Nan ne abin yake da ban takaici, domin hujjar da aka kore su da ita ba ƙarya ba ce. Sai dai kuskuren ba irin wanda sai mai kaifin gani ba ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Shaidu biyu da ba hanyarsu ɗaya ba, ba ƙirarsu ɗaya ba, suka faɗi magana ɗaya. Maimakon a ce bari mu buɗe na ukun mu gani, aka duba matsayin kowa, aka ba mai babban matsayi gaskiya. Kwana nawa buɗe shi zai ci?

Wasu daga cikin ma'aikatan sashen hankalinsu bai kwanta da hotunan ba. Damuwarsu ba ta ƙetare bakin ƙofa ba. Sashen da ke gogewar a killace yake. Masanan da suka zana madubin a kamfani guda suke, amma ba su bi aikin sau da ƙafa ba, manyan kamfani ba su bi ba, wakilan NASA ma haka. Daga baya duk suka ce ba su san akwai hotunan da suka saɓa ba. Na yarda ba su sani ba. Mai gida yana iya tsara gidansa ta yadda labari marar daɗi ba zai taɓa hawa bene ba, ranar da abu ya fashe kuma ya rantse bai ji ba, rantsuwarsa ta zama gaskiya. Hankalin manyan a lokacin yana kan kuɗi da kalanda, su ne ake tambayarsu a kai a Washinton.

Akwai kuma wani madubin. NASA ta sa an ba kamfanin Kodak na garin Rochester aikin goge na ajiya, da hanyar da aka saba da ita tun da. Tun wajen neman kwangila ma, Kodak da wani kamfani mai suna Itek sun kawo tsarin kowannensu ya yi madubi, sannan kowa ya auna na ɗan'uwansa da kayan awonsa. Ba su aka ba ba. Da an kai madubin Danbury gaban ma'aunin Rochester, da an ga saɓani a rana ɗaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wane gwani ne yake son kishiya ta duba masa aiki? Madubin Kodak ba shi da wannan aibin. Daga baya aka kai shi gidan tarihin jirage da sararin samaniya na Smithsonian a Washinton, 'yan makaranta suka riƙa wucewa ta gabansa.

Madubin Danbury ya yi shekara 9 a ƙasa bayan an gama shi. An sa ranar tashi an ɗaga, an sake sawa, sai kumbon Challenger ya tarwatse a Janairun 1986, aka dakatar da tashin kumbuna gaba ɗaya. Na'urar tana ajiye a ɗaki marar ƙura, ana kashe mata kimanin dala miliyan 6 kowane wata. A duk tsawon wannan zaman ba a haɗa madubai biyun an nuna musu tauraron gwaji an ga abin da za su gani ba, an ce gwajin yana da tsada. Hotunan shaidun nan biyu kuwa suna cikin fayil.

Ranar 24 ga Afrilun 1990 kumbon Discovery ya ɗauki Hubble ya kai ta sama, kimanin kilomita 600 daga ƙasa. Kuɗin da ta lashe ya kai dala biliyan 1.5. A watan Mayu hotuna suka fara saukowa. Masu sarrafa ta suka matsar da ƙaramin madubi gaba, suka matsar da shi baya, suna neman inda hoto zai fito tangaran, babu. In tsakiya ta yi, gefe ya watse. Kowane tauraro ɗan ɗigo ne a cikin rawanin hazo. An yi alkawarin kashi 70 cikin 100 na hasken tauraro zai taru a wuri guda, abin da ya taru bai wuce kashi 15 ba. Ranar 27 ga Yuni NASA ta tara 'yan jarida ta faɗa da bakinta. Masu barkwanci a talabijin suka samu abin yi. Har wani fim ɗin ban dariya na 1991 ya rataye hotonta a bango cikin jerin manyan bala'o'i, kusa da na jirgin balan-balan Hindenburg.

Aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Lew Allen, shugaban cibiyar JPL ta NASA. Da suka isa Danbury suka tarar da ɗan gaban goshi yana nan a mazauninsa, ba wanda ya taɓa shi, saboda girmamawa. Suka yi abin da aka ƙi yi shekaru da dama, suka auna shi. Ga milimita 1.3, ga washa, ga hula da ɓantararren fenti. Suka zaro tsofaffin hotuna daga fayil, lissafi ya zo daidai da abin da ake gani daga sama. Rahotonsu ya fito a Nuwamban 1990, ya ɗora laifi a kan kamfani da NASA duka: an dogara ga hanyar awo ɗaya tilo, an yi watsi da alamun da suka saɓa mata, alhali gwaji mai sauƙi ya isa ya tona kuskuren.

Abin da ya ceci aikin shi ne tsabar biyayyar masu gogewa. Da yake sun bi umarnin ƙarya ba tare da kauce wa ko kaɗan ba, karkatar ta fito tsaf, mai lissafuwa, ana iya ƙera kishiyarta. Ba a iya sauya madubi a sama, amma ana iya sa masa tabarau. Cibiyar JPL ta ƙera sabuwar kyamara da ƙananan madubai a ciki waɗanda aka karkata da gangan, daidai da karkatar babban amma ta ɗaya gefen. Sauran na'urorin kuma aka yi musu wani akwati mai suna COSTAR, wanda zai miƙa hannuwa ya tsayar da madubai masu girman kwabo a kan hanyar haske. Wani injiniya, James Crocker, shi ya samo dabarar hannuwan, daga kan shawa mai zamewa a kan ƙarfe da ya gani a banɗakin wani otal a Jamus. A Disamban 1993 kumbon Endeavour ya kamo Hubble, 'yan sama jannati huɗu suka yi fita biyar, sama da awa 35 a waje. Story Musgrave da Jeffrey Hoffman suka sa kyamara, Kathryn Thornton da Tom Akers suka zura akwatin. Ranar 13 ga Janairun 1994 aka nuna wa duniya hotuna garau. Abubuwan da ta gano daga nan sun cika littattafai, shi ya sa mutane da yawa suka manta da shekara uku da rabi da ta yi tana gani dishi-dishi.

Sai dai akwatin tabarau yana buƙatar gurbi, kuma gurabe a ƙirge suke. Dole wani ya tashi. Wadda aka tayar ita ce wata na'ura mai auna saurin sauyawar hasken taurari, wadda Jami'ar Wisconsin ta ƙera, mafi sauƙin ƙira a cikinsu duka. Ba ta san Danbury ba, ba ta ga washa ba. Aka ciro ta aka dawo da ita ƙasa, masanan da suka ba ta shekarun rayuwarsu suka haƙura. Kamfanoni kuwa, a Oktoban 1993 aka sasanta da gwamnati a wajen kotu: Perkin-Elmer ya biya dala miliyan 15, kamfanin Hughes da ya sayi masana'antar a 1989 ya biya miliyan 10, ba wanda ya amsa laifi a cikinsu.

Da aka zo ƙera na'urar hangen nesa ta James Webb, mai madubai 18 masu kusurwa shida-shida da aka shafe da zinare, ba a yarda da bakin ma'auni ɗaya ba. An auna da hanyoyi daban-daban, an sa wasu sun duba aikin wasu. A 2017 aka kulle ta a wani katafaren ɗakin sanyi a Houston kusan kwana 100 ana gwada madubanta a haɗe, guguwar Harvey ta zo ta cika gari da ruwa, ma'aikata ba su bar gwajin ba. Dalilin a fili yake: mazauninta kilomita miliyan 1.5 ne daga nan, ba mai zuwa da tabarau. Ba kowane gida ne yake da kumbon da zai aika a gyara masa ɓarna ba, ranka ya daɗe.

Shi kuwa babban madubin Hubble, har yau ba a taɓa shi ba. Yana nan da karkatarsa, kowa ne yake bi da shi a haka. Duk na'urar gani da aka kai masa daga baya, a 1997 da 2002 da 2009, tun daga masana'anta ake ƙera ta a lanƙwashe daidai da lanƙwasarsa, domin wadda ta zo a miƙe ba za ta ga komai da kyau a wannan gidan ba. A Mayun 2009 'yan sama jannati suka ciro COSTAR suka dawo da shi ƙasa, ba don madubi ya warke ba, sai don ba sauran na'ura ko ɗaya a ciki da take buƙatar a koya mata lanƙwasa.